Notre Dame: wasan ƙwallo ne ya gina jami'ar, ko kuwa?

Bakatsine_Indiana:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata magana da nake so a tattauna, musamman ku da kuka daɗe a Amurka. Jami'ar Notre Dame da ke gefen garin South Bend a nan jihar Indiana, ɗalibanta masu neman digirin farko ba su kai dubu goma ba. Amma filin wasanta na zari-ruga irin na Amurka yana ɗaukar mutum sama da 77,000, kuma da wuya su yi wasa a gida ka ga kujera ba kowa. Ni a ganina, ba don wannan wasan ba, da yau makarantar tana cikin jerin ƙananan kwalejojin 'yan Katolika da ba wanda ya san da su sai mutanen garinsu. Wasan ne ya gina ta, shi ya yi mata suna, shi ya kawo mata kuɗi. Wanda ya san tarihin ya gaskata ni ko ya gyara mini.

Ɗan_Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, don Allah wani ya yi mini bayanin wasan a taƙaice. Na sha gani a talabijin, ana gudu daƙiƙa biyar sai a tsaya.

Dogo_Chicago:
Ɗan_Maraɗi, mutum sha ɗaya ne kowane ɓangare, fili yadi 100. Wanda ƙwallo ke hannunsu ana ba su dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki shida, sannan ya buga ta tsakanin sanduna ya ƙara ɗaya. In an kasa kaiwa amma an matso, sai a buga daga nesa a ci uku. Tsayawar da kake gani, tsara dabara ake yi kafin kowane yunƙuri. Minti 60 ne a agogo amma yakan ci sama da awa uku.

Malam_Tarihi:
Bakatsine, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma ka fara labarin daga tsakiya. Wani limamin coci Bafaranshe, Edward Sorin, shi ya kafa makarantar a 1842. Wasansu na farko sai ranar 23 ga Nuwamban 1887, kuma 'yan wasan Jami'ar Michigan ne suka zo suka koya musu yadda ake yi, sannan suka doke su 8 da nema. Sama da shekara ashirin bayan haka ba su zama wasu abin a zo a gani ba.

Abin da ya sauya komai shi ne ƙyamar da aka nuna musu. A 1909 suka je har gida suka doke Michigan 11 da 3. Shekarar da ta biyo, Michigan ta soke wasan da za su yi, tana zargin akwai 'yan wasan da ba su cancanci bugawa ba, kuma ba su sake haɗuwa ba sai 1942. Manyan jami'o'in yankin suna da ƙungiyarsu, wadda yau ake kira Big Ten. Notre Dame ta nemi shiga ba sau ɗaya ba, har a 1926, aka ƙi. A lokacin ana yi wa 'yan Katolika, musamman 'yan ci-rani daga Ireland da Italiya da Poland, kallon baƙi talakawa masu biyayya ga Fafaroma ba ga ƙasa ba. Da maƙwabta suka rufe musu ƙofa, dole ta sa suka hau jirgin ƙasa suna neman abokan wasa a nesa: makarantar sojin ƙasa ta West Point a jihar New York, Texas, daga baya har Los Angeles, inda suka fara karawa da Jami'ar Kudancin California (USC) a 1926. Duk garin da suka sauka akwai ma'aikatan masana'anta 'yan Katolika da ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma suka ɗauki ƙungiyar tasu ce. Haka ƙaramar makaranta ta samu magoya baya a faɗin ƙasa alhali sauran jami'o'i na jiharsu kawai suke da su. Don haka ni zan ce ƙin karɓarsu da aka yi ne ya gina ƙungiyar, sannan ita kuma ta ja makarantar.

UmmuSultan:
Malam, da girmamawa, kada a jibga wa Michigan laifin duka. Zancen cancantar 'yan wasa ba ƙage ba ne gaba ɗaya, a wancan zamanin makarantu da yawa suna sa mutanen da suka riga suka buga a wani wuri. Kuma ina zaune a jihar Michigan, mutanen nan ba su yarda Notre Dame ce uwar tarihi ba. Filinsu na Ann Arbor ya fi ɗaukar mutum 107,000, su ne suka fara kaiwa nasara 1,000 a 2023, kuma suka ɗauki kofin ƙasa a kakar ta 2023. Notre Dame rabonta da kofi tun 1988.

Malam_Tarihi:
Hajiya, duk abin da kika lissafa haka yake. Amma Fielding Yost, kocin Michigan na wancan lokacin, adawarsa da Notre Dame ba ɓoyayyiya ba ce, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a hana su shiga ƙungiyar Big Ten a 1926. Ki kuma tuna yanayin jihar Indiana kanta. A farkon shekarun 1920 ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ƙin baƙar fata da Yahudawa da 'yan Katolika, tana da ƙarfi ƙwarai a jihar. A watan Mayun 1924 suka shirya gangami a South Bend, ɗaliban Notre Dame suka fito suka yi arangama da su a tituna, har sai da shugaban makarantar ya fito da kansa ya mayar da yaransa. A wannan shekarar ce ƙungiyar wasan Notre Dame ta lashe duk wasanninta ta ɗauki kofin ƙasa na farko. Ki duba yadda ɗan ci-ranin da ake raina wa addini zai ji in ya karanta wannan a jarida.

Tsohon_Gola:
Ku ba mu labarin Rockne mana. Shi kaɗai na taɓa jin sunansa.

Dogo_Chicago:
Knute Rockne ɗan Norway ne, an kawo shi nan Chicago yana ɗan shekara biyar. Sai da ya yi aikin gidan waya na wasu shekaru ya tara kuɗin makaranta, ya shiga Notre Dame yana da shekara 22, ya karanta kimiyyar haɗa sinadarai. A 1913 shi da abokinsa Gus Dorais suka je West Point suka doke sojoji 35 da 13 ta hanyar jefa ƙwallo gaba. Su suka ƙirƙiro jifar ma. Na ɗauki fasinjoji tsofaffi da yawa zuwa South Bend ranar wasa, tafiyar kamar awa biyu ce daga nan, kuma kusan kowannensu da labarin Rockne da ya gada wajen kakansa.

Malam_Tarihi:
Gyara kaɗan, Alhaji Dogo. Ba su suka ƙirƙiro ta ba. An halatta jifa gaba tun 1906. Dalili kuwa, a kakar 1905 mutum kusan ashirin suka mutu a wasan, saboda a da turereniya ce zalla, a dunƙule a afka wa mutum ɗaya. Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i ya ce a gyara, daga nan aka sauya dokoki kuma aka kafa hukumar da ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i. Wasu makarantu sun riga Notre Dame amfani da jifar. Abin da Dorais da Rockne suka yi shi ne sun nuna ta a gaban 'yan jaridar New York, a kan babbar ƙungiya, ta yadda kowa ya ga ƙaramin jiki zai iya kayar da babba.

Rockne ya zama koci a 1918. A kaka goma sha uku ya ci wasa 105, aka doke shi 12, canjaras 5, da kofin ƙasa a 1924 da 1929 da 1930. Amma gwanintarsa ba a fili kaɗai take ba. Ya san darajar jarida da rediyo. Bayan wasan sojoji na 1924 wani marubucin wasanni, Grantland Rice, ya kwatanta 'yan wasansa huɗu da mahaya dawakai, nan da nan aka ɗora su a kan dawakai na gaske aka ɗauki hoto, hoton ya zaga ƙasa. Filin da Bakatsine yake magana an buɗe shi a 1930 ne bisa matsin Rockne. Kaka ɗaya kacal ya yi a cikinsa. Ranar 31 ga Maris 1931 jirgin saman da yake ciki ya faɗi a jihar Kansas, ya rasu yana da shekara 43.

Bakatsine_Indiana:
To Malam ai ka ƙarfafa maganata ke nan. Kuɗin tikitin shekarun 1920 da su aka yi gine-gine a makarantar, wannan ko su ba sa musu.

Bazazzagiya:
Ƙanina Bakatsine, ni a nan na rabu da kai. Suna daban, ilimi daban. Akwai jami'o'i da yawa da suka fi su cin kofi a shekarun nan amma ba a sa su a sahun gaba wajen karatu. Wanda ya mayar da Notre Dame jami'ar bincike shi ne Theodore Hesburgh, limamin da ya shugabance ta daga 1952 zuwa 1987. Ya tarar da asusun ajiyarta da dala miliyan 9, ya bar shi da kusan miliyan 350. A zamaninsa aka miƙa ragamar makarantar ga kwamitin amintattu da ba limamai zalla ba a 1967, aka fara ɗaukar mata a digirin farko a 1972. Kuma tun farkon mulkinsa ya nuna ba ya so a san makarantar da wasa kaɗai. Koci Frank Leahy, wanda ya ci musu kofi huɗu a 1943 da 1946 da 1947 da 1949, ya bar aiki bayan kakar 1953, ƙungiyar ta yi sanyi, a 1956 wasa biyu kacal suka ci cikin goma. Makarantar ba ta rushe ba, a lokacin ma take hawa.

Kuma ka san daga 1925 har zuwa Janairun 1970 sun ƙi zuwa wasannin ƙarshen kaka, masu kawo kuɗi, don kada su shiga lokacin karatu da jarrabawa? Makarantar da wasa ke juya ta ba za ta bar wannan kuɗin shekara 45 ba.

Bakatsine_Indiana:
Yaya Bazazzagiya, na ji. Amma attajiran da Hesburgh ya je wajensu neman gudummawa, me ya sa suka san sunan makarantar tun farko? Da yawansu sun tashi suna sauraron wasanninta a rediyo tare da iyayensu.

Dogo_Chicago:
Ku duka kun manta da sojin ruwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu samari sun tafi fagen daga, makarantar ta kusa rasa ɗalibai da kuɗi. Rundunar sojin ruwa ce ta mayar da harabar wurin horar da dubban hafsoshi, tana biya. Shi ya sa har yau suke wasa da makarantar sojin ruwa kowace shekara, tun 1927, ba a taɓa tsallakewa ba sai 2020 saboda korona. Galibi Notre Dame ce ke ci, magoya baya kan ce a nemi abokin karawa mai ƙarfi, amma makarantar ta ce bashi ne take biya. Wannan halin ya burge ni. A waccan shekarun ba ƙwallo ce ta cece su ba.

Zango_Kumasi:
Tambayata ita ce, su da aka ƙyamata, yaya suka yi da baƙar fata? Don na lura wanda aka zalunta ba lallai ya tausaya wa na ƙasa da shi ba.

Malam_Tarihi:
Tambaya mai nauyi. Sun makara. Duk zamanin Rockne da kusan duk na Leahy babu baƙar fata a ƙungiyar, sai a 1953 Wayne Edmonds da Dick Washington suka buga. Jami'o'in arewa da dama sun riga su da shekaru masu yawa. Daga baya kam sun fitar da manyan mutane. Alan Page yana cikin waɗanda suka ci kofin 1966 a ƙarƙashin koci Ara Parseghian, ya yi fice a gasar ƙwararru, ya karanta lauya, ya zama alƙalin kotun ƙolin jihar Minnesota. Hesburgh kansa ya yi shekaru a hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasa, akwai sanannen hotonsa riƙe da hannun Martin Luther King a Chicago a 1964. Amma koci baƙar fata na farko sai 2002, Tyrone Willingham, kuma bayan kaka uku aka sallame shi, abin da ya jawo surutu sosai domin waɗanda suka gabace shi an bar su sun yi shekara biyar.

Zango_Kumasi:
Na gode Malam. Mu dai a nan mun san Jeremiah Owusu-Koramoah, mahaifinsa ɗan Ghana ne. A Notre Dame ya yi, ya ci kyautar gwarzon masu tsaron tsakiya a 2020 kafin ƙungiyar ƙwararru ta Cleveland ta ɗauke shi.

Tsohon_Gola:
Akwai 'yan Najeriya ma, Romeo Okwara da ƙaninsa Julian. A Legas suka yi ƙuruciya, duka biyun sun bi ta Notre Dame, suka haɗu a Detroit Lions. Abin da ke ci mini rai, a jami'o'inmu akwai samari masu wannan jikin da wannan gudun, amma in an gama gasar NUGA shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Nas_Bakanuwa:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Amurka, kuma duk daren Juma'a a lokacin kaka, ranar da makarantun sakandare ke wasa, sai an kawo mana yara. Karaya ba ta tayar mini da hankali kamar bugun kai. Yaro ɗan shekara sha shida ya kasa faɗa miki ranar da ake ciki, uban kuma tambayarsa ta farko ita ce ko zai iya buga wasan mako mai zuwa. Likitan da ya fara bayyana cutar ƙwaƙwalwa ta CTE a jikin ɗan wannan wasan ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu, bayan ya binciki gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002, kuma da farko hukumar gasar ƙwararru ƙaryata shi ta yi. Dave Duerson, tsohon ɗan wasan Notre Dame da Chicago Bears, ya kashe kansa a 2011, ya bar wasiyya a binciki ƙwaƙwalwarsa, aka kuma samu cutar. In za a ce wasan ya gina jami'a, a riƙa tuna da jikin wa aka gina. Ni ɗana ba zai buga ba.

UmmuSultan:
Wallahi Anti kin faɗi abin da ke raina. Nawa yana ta roƙo, na ce ya tsaya a ƙwallon ƙafa.

Dogo_Chicago:
Allah Ya kiyaye mana zuri'a. Amma an samu sauyi, yanzu wanda ya kai hari da kai korarsa ake yi daga wasa, kuma likita na iya hana ɗan wasa komawa fili. Ban ce ya wadatar ba.

Ɗan_Maraɗi:
To su yaran ana biyansu? Mutum 77,000 sun sayi tikiti, ina kuɗin ke zuwa?

Bazazzagiya:
Fiye da shekara ɗari amsar ita ce a'a, sai dai karatu kyauta da abinci da wurin kwana. Koci na karɓar miliyoyi, yaro ko kuɗin sa hannu a riga aka ba shi sai a hukunta shi. A Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince makarantu su riƙa biyansu kai tsaye. Ita Notre Dame tun 1991 take da yarjejeniyarta ita kaɗai da tashar NBC ta nuna wasanninta na gida, kuma makarantar ta ce wani kaso na kuɗin yana tafiya tallafin karatun ɗaliban da ba 'yan wasa ba. A nan kam, Bakatsine, ka samu hujja.

UmmuSultan:
Wannan yarjejeniyar ce ma ta sa nake cewa labarin an ƙi mu ya tsufa, Malam_Tarihi. A 1999 Big Ten ce ta buɗe musu ƙofa, su suka ce ba sa so. Galibin sauran wasanninsu suna cikin wata ƙungiyar jami'o'in, ACC, tun 2013, amma wannan ɗaya sun riƙe shi su kaɗai, don su zaɓi abokan wasa su kuma riƙe kuɗinsu. Yanzu su ne 'yan gata.

Malam_Tarihi:
Ban musa ba, Hajiya. Abin da aka tilasta musu a 1910 ya zama jarinsu a 1991. Tsofaffin ɗalibansu ma ba za su yarda a shiga wata ƙungiya ba, suna ganin zaman kansu shi ne asalinsu. Sai dai tarihin nan yana da nauyi a wuyan kowane koci. Kofi sha ɗaya suke ƙirgawa, da 'yan wasa bakwai da suka ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, na ƙarshe Tim Brown a 1987. Parseghian ya ci a 1966 da 1973, Dan Devine a 1977 tare da ɗan wasa Joe Montana, Lou Holtz a 1988, shekarar da suka doke Miami 31 da 30. Daga nan shiru. Koci Brian Kelly ya kai su wasan ƙarshe a Janairun 2013, Alabama ta yi musu 42 da 14, daga baya ma NCAA ta soke nasarorinsu na 2012 da 2013 saboda an samu wata ɗaliba mai taimaka wa masu horarwa tana yi wa wasu 'yan wasa aikin aji. Yaya Bazazzagiya, wannan ma ki sa shi a ma'auni, domin makarantar da ke alfahari da karatu ce abin ya faru a cikinta.

Bazazzagiya:
Na sa, Malam. Amma su da kansu suka gano abin suka kai rahoto, suka dakatar da yaran ana dab da fara kaka. Ba kowace makaranta za ta yi haka ba.

Dogo_Chicago:
Kada a rufe ba a ambaci Marcus Freeman ba. Kelly ya tafi Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a ƙarshen 2021, aka ba wannan matashin aikin koci, ubansa baƙar fata, uwarsa 'yar Koriya. Ya kai su wasan ƙarshe a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025, Ohio State, makarantar da shi kansa ya buga wa, ta doke su 34 da 23. Shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya zuwa wasan ƙarshe a wannan matakin. Zango_Kumasi, ga ci gaban amsar tambayarka.

Bakatsine_Indiana:
Na ƙaru ƙwarai, Allah Ya saka. Har yanzu ina kan bakana cewa ba don Rockne ba da Hesburgh bai samu abin da zai ɗora gini a kai ba, ko da yake zancen sojin ruwa na Alhaji Dogo ya ba ni abin tunani. Abin da nake so in sani yanzu, tunda an fara biyan 'yan wasa kuma yaro na iya sauya makaranta duk shekara, shin makarantar da ke tilasta wa ɗan wasa shiga aji kamar kowa za ta iya ci gaba da gogayya da irin su Alabama da Ohio State?

UmmuSultan:
In suna da kuɗin biya za su iya, kuma suna da shi.

Bazazzagiya:
Kuɗi ba shi ne matsalarsu ba. Matsalar ita ce yaron da ya zo shekara ɗaya ya tafi, wane digiri zai fita da shi? Malam_Tarihi, ko kana da masaniya kan yadda suke karɓar masu sauya makaranta, ana sassauta musu sharuɗɗan shiga ko kuwa daidai suke da sauran ɗalibai?